Shin Nono Yana Tsare Jiki Daga Ƙunar Gashi?

Makon jiya na yi alkawari yau za mu ƙarasa zancen yaye. To, sai ku gafarce ni, don wata takarda ta zo mini ran Talata wadda ba za ta iya jiran wani mako ba. Wata 'yar'uwa ce ta aiko, ta kuwa roƙe ni kada in buga sunanta ko na garinsu. Ga abin da ta ce, a taƙaice:

"Malama, likita ya ce tsohuwata tana da ciwon daji a bakin mahaifa, an ba mu rana cikin wata mai kamawa za a fara yi mata gashi. Tun da aka faɗa mata ba ta barci, don wata maƙwabciyarmu da aka yi wa ta yi ta zawo har ta gudo gida ba a gama ba. Yanzu wasu sun ce mu dinga ɗura mata nono, wai ƙwayoyin da ke cikinsa suna tsare jiki daga ƙunar gashin. Wani mai tallar magani kuma ya kawo mana wata kwalba mai tsada, ya ce Turawa ne suka tatso ta daga jikin ƙwayoyin cuta, wanda ya sha ko bom ba ya ƙona shi. Malama, ke kin yi karatu. Mu saya?"

'Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce, abin da na sani na kiwon lafiya shi ne wanda aka koya mana a kwalejin horon malamai da wanda na bi na karanta da kaina. Amsar kwalba gajera ce: kada ku saya. Amsar nono kuwa tana da tsawo, gama akwai gaskiya a gindin maganar, sai dai an yi mata ƙari a hanya kafin ta iso ƙofar gidanku.

Mu fara da shi gashin. Sunan ne ya ke firgita mutane, sai su zaci wuta za a hura. Babu wuta, ba a kuwa jin zafi sa'ad da a ke yinsa. Wani irin haske ne wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Jikin mutum an gina shi da waɗansu 'yan tubala masu rai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, kowane kuwa ya kan rabu biyu don ya haifi wani. Hasken nan ya fi yin ɓarna ga tubalin da ke yawan rabuwa. Daji ba shi da aiki sai rabuwa, shi ya sa a ke auna shi da hasken.

Amma fa akwai wurare biyu a jikin mai lafiya da su ma ba su hutawa. Ɗaya shi ne yaɓen cikin hanji, wanda jiki ke sakewa duk bayan kwana 3 zuwa 5. Ɗayan shi ne ɓargo, inda a ke yin jini, da fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun da ke yaƙi da cuta. Mahaifa maƙwabciyar hanji ce, bango ɗaya su ke. Komi gwanintar mai auna hasken, sai ya ɗan shafi hanjin, yaɓen ya ɗaɗɗaye, ruwa ya ƙi tsayawa. Zawon maƙwabciyarku ke nan.

Mudun da a ke auna wannan haske da shi sunansa gire. In gire 4 ko 5 ya sauka a kan jikin mutum duka a lokaci guda, ba a kuwa yi magani ba, wajen rabin waɗanda ya sama za su mutu. Mai dajin bakin mahaifa a kan ba ta wajen gire 45 ko 50 daga waje, amma a mara kaɗai, kaɗan-kaɗan, kamar gire 2 kullum, kwana biyar a mako, har mako biyar. Tsakanin yau da gobe lafiyayyen nama ya kan gyara kansa, dajin kuwa ba ya iya gyara sosai.

Neman abin da zai tsare jiki daga hasken nan tsoron bom ne ya haife shi. A 1945, bayan Amurka ta jefa bom ɗin atam a Hiroshima da Nagasaki, likitoci suka ga mutanen da wuta ba ta taɓa ba, gini bai faɗa musu ba, amma bayan 'yan makonni sai zazzaɓi da zubar jini su kashe su. Ɓargonsu ne ya mutu. Mu ma tsoron ya iso mu, don ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, wajen da iskar hunturu ke fito mana, da ta yi na uku kuwa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairu 1961.

Cikin masu bincike na wancan zamani akwai Dokta Willie Smith, a babbar ma'aikatar binciken lafiya ta Amurka da ke Bethesda. Da na ga sunan na ɗauka namiji ne, ashe mace ce, ta kuwa yi shekaru tana nazarin abin da hasken ke yi wa ɓargo. A 1957 ita da abokan aikinta suka buga labarin wani gwaji da ya ba ni mamaki ƙwarai. Waɗansu ƙwayoyi, dangin su taifot, suna da wani dafi a jikin ɓawonsu, shi ne ke sa mutum rawar ɗari da zazzaɓi. Suka ɗebi ɗan kaɗan daga wannan dafi, ba ƙwayar mai rai ba, suka yi wa ɓeraye allura, sa'an nan suka haska su da hasken da ya isa kisa. Ɓerayen da aka yi wa allura suka rayu da yawa, waɗanda ba a yi wa ba suka yi ta mutuwa.

Ku lura da inda abin mamakin ya ke. Dabbar da haske ya sama, yawanci ƙwayoyin cikinta ne ke ƙarasa ta. Bangon hanji ya tsage, su kutsa cikin jini, ba su tarar da dakaru ba. Mai hankali zai ce yi wa irin wannan dabba allurar dafin ƙwayoyi ƙara wa wuta itace ne. Ashe jiki da ya ji dafin sai ya ɗauka mahara sun iso ƙofar gari. Ya buga ganga, ɓargo ya tashi tsaye, ya shiga yin dakaru ba dare ba rana. Kafin mahara na gaskiya su shigo, an riga an farfaɗo.

Me ya hana a yi wa mutane? Dafin ba shi da linzami. Ɗan abin da ɓera zai ɗauka ya yi tsalle, in an auna wa mutum daidai girmansa sai ya kwantar da shi, jininsa ya faɗi, har ya iya rasa ransa. Sai masana suka ce, to, mu bar dafin, mu nemi saƙon da jiki ke aika wa ɓargo sa'ad da ya ji shi. Aka daɗe ana nema. A 1983, a birnin Melbon na Ostareliya, aka yi wa ɓeraye allurar dafin nan, aka ɗauki huhunsu, daga ruwansa aka tace ɗaya daga cikin saƙonnin tsantsa. A 1986 aka gano yadda jikin ɗan Adam ke rubuta irin nasa. Sa'an nan aka yi wata dabara. Aka ɗauki rubutun aka cusa shi cikin wata ƙwaya mai zama a hanjin kowa, sunanta Ikolai, aka zuba ta cikin manyan tukwanen ƙarfe, ana ba ta abinci tana yin saƙon, ana kwashewa ana tacewa. Watau an mai da ita 'yar ƙodago. Maganin da ya fito sunansa filgirastim. Tun 1991 a ke yi wa masu ciwon daji allurarsa in dakarun jininsu sun yi ƙasa, a 2015 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi wa waɗanda hatsarin nukiliya ya rutsa da su. Wannan kam ya fita daga ɗakin ɓeraye ya shiga asibiti. Amma allura ce, ɓargo ta ke taimako, ba ta hana zawo, likita ne kuma kaɗai ya san ranar da ta dace da ranar da za ta yi ɓarna.

Ina tsammani labarin da mai kwalbarku ya tsinta ya yi wa gishiri shi ne na gaba. Akwai ƙwayoyin da ke da wata 'yar wutsiya kamar bulala wadda su ke iyo da ita. A bangon hanjinmu kuwa akwai masu gadi waɗanda aikinsu ke nan su gane wutsiyar nan, da sun taɓa ta sai su yi kururuwa. Wani masani mutumin Rasha mai aiki a Amurka, Andrei Gudkov, ya lura cewa yawancin tubalan hanji da ke mutuwa bayan haske kansu su ke kashewa. Haka aka halicce su, in tubali ya ji an yi masa rauni sai ya rushe kansa don kada ya zama daji. Dabara ce mai kyau in tubali ɗaya ne, amma in dubbai suka yi haka rana guda bango ya faɗi. Kururuwar masu gadin nan tana ce wa tubalan su dakata, su gyara raunin tukuna. Sai shi da mutanensa suka ɗauki sinadarin wutsiyar Salmonela, suka datse shi, suka bar yankin da ke ta da masu gadi. A 2008 suka ba da labari cewa allura ɗaya kafin haske ta ceci ɓeraye da birai, hanji da ɓargo duka, ba ta kuwa tsare dajin da ke jikin ɓerayen ba. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi, gama maganin da zai tsare mai ciwo ya tsare ciwon tare ba shi da amfani. Daga baya aka ga tana taimakon birai ko an yi ta kwana ɗaya ko biyu bayan hasken. Sunan maganin entolimod.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ba a iya tara mutane a haska su da gangan don a ga ko magani zai cece su. Masu lafiya da suka yarda aka gwada shi a jikinsu sun yi masassara ta ɗan lokaci, iyakar abin da za a iya gani ke nan a mutum. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta ba da izinin sayar da shi ba. Abin da bai fita kasuwa ba a ƙasar da aka yi shi, wanda kuma allura ne ba na sha ba, ta yaya ya shigo jakar mai talla a unguwarku?

Akwai kuma wata ƙwaya da ba zan wuce ta ba, don 'yan ajina sun fi son labarinta. A 1956, a jihar Oregon, aka haska gwangwanin nama da hasken da a ke zaton ba abin da zai rayu a ciki. Naman ya ruɓe duk da haka. Da aka duba sai ga wata ƙwaya jaja-jaja tana zaune lafiya. Ita tana ɗaukar gire 5,000 ba ta ko girgiza ba, watau ninki dubu na abin da ke kashe mutum. An gano tana tara wani ƙarfe mai suna manganis a cikinta, shi ke tsare ma'aikatan da ke ɗinke mata rauni. An kwaikwayi haɗin nata an gwada a ɓeraye ya yi aiki, nan ya tsaya tukuna.

Yanzu mu matso kusa da ƙwaryar nono. A 2020 wata mace kuma, Farfesa Jenny Ting ta Jami'ar Karolina ta Arewa, ita da almajiranta suka lura cewa in aka haska ɓeraye da yawa, a kan sami 'yan kaɗan da ba su mutuwa, har su tsufa. Iri ɗaya ne da sauran, abinci ɗaya. Sai suka kwashe waɗannan masu taurin rai daga kejinsu, ba a share ba, ba a wanke ba, suka zuba sababbin ɓeraye a cikin ƙazantar. Bayan an daɗe ana haka aka haska baƙin, sai yawancinsu suka rayu, alhali waɗanda aka sa a kejin ɓeraye na banza yawancinsu suka mutu. Ɓera dai ya kan ci kashin ɗan'uwansa, ta nan suka gaji ƙwayoyin hanjin masu taurin ran. Da aka bi diddigi aka sami dangi biyu na ƙwayoyi da suka yi yawa a cikinsu, aka kuma sami abin da su ke fitarwa in sun ci dusar abinci, wani ɗan tsami mai suna furofiyonet, wanda ko shi kaɗai aka ba ɓera ya kan taimaki hanjinsa da ɓargonsa.

Na karanta wannan na yi shiru. Shekara huɗu ke nan ina tsayawa gaban allo ina gaya wa 'yan mata ƙwayoyi abokan gaba ne, ina duba farce ran Litinin da bulala a hannu. Sunan ma da mu ke kiransu, ƙwayoyin cuta, ya yanke musu hukunci tun ba a saurare su ba, alhali masu cutar kaɗan ne cikinsu. Amma kada wata ta je ta ce Malama ta halatta ƙazanta. Duban farce yana nan ran Litinin.

Duk wannan ɓeraye ne. Me aka gani a jikin mata irin Inna? A ƙasar Tailan, a 2010, likitocin Chiang Mai suka ba da labarin mata 63 masu dajin bakin mahaifa da a ke yi wa gashi. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba su kafso mai ɗauke da ƙwayoyi masu rai iri biyu, ɗaya Laktobasilas, dangin masu tsamar da nono, sau biyu kullum, tun saura kwana 7 a fara gashi har aka gama. Ɗaya kashin aka ba su kafson da ba kome a ciki, ba wadda ta san nata. Cikin masu kafson banza, 45 bisa 100 suka yi zawo mai tsanani. Cikin masu na gaskiya, 9 bisa 100. Kun ga wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a Sifen, a 2008, an gwada wa mata masu irin wannan gashi madarar da aka tsamar da wani Laktobasilas ɗin dabam, suna sha kullum, zawon bai ragu ba. Saboda haka ƙungiyar likitocin da ke tsara yadda a ke jinyar masu daji ta ce ana iya gwada irin waɗannan ƙwayoyi don rage zawon gashin mara, ba ta ce tabbas ba ne.

Ga nawa ganin, 'yar'uwa. Nono abinci ne mai kyau, ƙwayoyin da ke tsamar da shi kuwa dangin waɗancan ne. Amma dangi ba ɗaya ba ne da mutum, kowa ya san gidan da wa malami ne ƙane ɓarawo. Ba wanda ya san irin da ke cikin ƙwaryar da aka kawo yau, ko yawansu, gobe kuma wata ce dabam. Abin da ya fi damuna ma shi ne wannan: a kan haɗa gashin bakin mahaifa da wani ƙarin ruwa na maganin daji mako-mako, su biyun kuwa suna rage dakarun jini. Nonon da ba a dafa madararsa ba, ko wanda aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba, yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, ko taifot, ko baƙƙale. Ni da ke za mu sha mu kwana lafiya, Inna a mako na huɗu na gashi ba za ta iya ba. Waɗansu kuma in hanjinsu ya ɗaɗɗaye, madara kowace iri ƙara musu zawo ta ke yi har sai sun warke.

Don haka ranar da za ku koma asibiti ki tafi da kwalbar nan in mai ita ya yarda ya ba ki aro, ki nuna wa likita. Ki tambaye shi a fili ko ya yarda Inna ta sha kafson Laktobasilas, wane iri, daga yaushe. Kada ki ji kunya, ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, don na san yadda kan mutum ke ɗaurewa a gaban likita. In ya yarda da nono, ki yi kindirmonki da kanki: ki tafasa madara sosai, ta huce, ki zuba ɗan iri mai tsabta, ki rufe, a sha a ranar. In zawo ya zo, ki faɗa musu a ranar da ya fara, akwai maganin tsai da shi, ki kuma riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari. Zawon gashi ya kan lafa 'yan makonni bayan an gama.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne zancen maƙwabciyarku da ta gudo. Likitoci suna so a gama gashin bakin mahaifa duka, na waje da na ciki, cikin mako 8, don in aka tsaya a tsakiya dajin da ya rage ya kan shiga rabuwa da sauri, kowace rana da aka ƙara tana rage begen warkewa. Kuɗin da za ku ba mai kwalba ku ajiye shi na mota da masauki, kada ranar gashi ta zo a ce babu na zuwa. In maƙwabciyar tana nan, ki je ki gaishe ta, ki lallashi 'ya'yanta su mai da ita a duba ta.

Ki kuma gaya wa Inna, hasken da a ke yi daga waje ba ya zama a jiki. Da an kashe injin shi ke nan, tana iya dawowa gida ta ɗauki jikanta ta goya, a ci tuwo da ita kwano ɗaya. Na faɗi wannan ne don na taɓa ganin gidan da aka ware wa wata baiwar Allah kwano da tabarma, ta warke daga dajin amma ba ta manta da tabarmar ba.

Ki sake rubuto mini in an fara, in ji yadda ta ke. Masu jiran zancen yaye kuma, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.